Gwangwanin Da Ya Kai Muryar Inna Jidda

Shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar yayana Balarabe, wanda mutanen Gusau suka fi sani da Bala Mai Rediyo. Kowace shekara in watan ya zagayo nakan yi niyyar rubuta wani abu a kansa, sai in yi ta juya biro har watan ya wuce. Bana wani ɗan ƙaramin abu ne ya zaunar da ni. Jikata ta zo mana hutu da wani farin abu kamar ƙwarar gujjiya toshe a kunne, tana ta zuba ita kaɗai a tsakar gida, wayarta kuwa tana can ɗaki a jikin caji. Na sa ta yi ta tafiya ina biye da ita, har muka kai bakin zaure, inda maganar ta fara tsinkewa. Ta ce, "Kaka, iyakarsa ke nan." Wallahi sai na ji kamar Yaya Bala na tsaye a bayana da sukudireba a aljihun gaba, yana tambayar wa ya gaya mata iyakarsa ke nan.

Ban taɓa sanin mutum mai son gano iyakar abu kamarsa ba. Boko bai yi nisa ba, amma in ka kawo masa rediyo ya gyara, ba zai ba ka ba sai ya ɗaura masa wata doguwar waya ya ga ko zai kamo tashar da ba ka taɓa ji ba, ba ka kuma nema ba. Shagonsa ɗan kurkuku ne a Gusau, kullum cikin ƙaurin dalma. Ga shi da surutu. In Yaya Bala ya fara bayani, nemi benci ka zauna, don amsarka ba ta cikin lissafinsa. Ni a lokacin malamin firamare ne a Bungudu, da iyalina da ɗan babur ɗina, amma a wurinsa har gobe ƙane ne wanda ake aika.

Yaran yanzu ba za su gane yadda waya take a ƙarshen shekarun casa'in ba, lokacin da jiharmu ke sabuwa fil. Babu salula. Wayar girke ce kawai, ita ma sai ofisoshi da gidajen da suka amsa sunansu. Maƙwabcin shagon Yaya Bala, Oga Fidalis, ɗan ƙabilar Ibo mai sayar da kayan gyaran rediyo, wanda aka haifa a Gusau kuma ya fi ni iya zagi da Hausa, yana da layi ɗaya. Rabin unguwar da lambarsa suke amfani. Wata rana ya dawo daga fatauci da wata waya mai kashi biyu: akwai uwar, wadda ake haɗawa da layi ta zauna a kan tebur, akwai kuma kan, wanda ba shi da igiya, kana iya yawo da shi kana magana. Yaya Bala ya karɓi kan ya kama hanya. A daidai masallacin kan kwana maganar ta mutu. Ya dawo yana murmushi irin na wanda aka tsokana.

Shi ya fara gaya mini labarin busta. Ya ce ɗan abin da ke cikin wayar nan mai aika magana cikin iska bai fi farcen ɗan yatsa ba, kuma da gangan aka yi shi da ƙaramar murya, don kada ya cinye batir, kada kuma ya shiga gidan maƙwabta. Busta akwati ce daban da ake sawa tsakanin uwar wayar da eriya. Ita ba ta san magana ba, ba ta ƙara ko harafi, abin da aka ba ta shi take ɗagawa, kamar lasifikar masallaci da muryar ladan. Ya ce da busta mai kyau da eriya mai tsawo, wayar da ta mutu a kan kwana sai ta kai Bungudu. Na yi dariya har da buga cinya. Shi bai yi ba, domin akwai abin da ke ransa, kuma ni ma na san shi.

Mu uku Inna ta haifa. Babbarmu Yaya Luba ce, 'yar fari. Shekara tara kafin wannan lokaci ta bi mijinta aikin hajji suka ƙi dawowa, suka zauna a Jidda. Inna ta hana tafiyar tun farko, don haka Yaya Luba ta tafi ba sallama. Baba ya rasu ba ta zo ba. Duk shekara takan aiko kaset da alhazai, ta gaida kowa har da akuyar gida, ta ƙare da kuka tana roƙon Inna gafara. Inna takan ce a kashe mata wannan abu, amma in mun fita takan sa matata ta sake kunna mata. Amsa kuwa ko sau ɗaya ba ta yarda an ɗauki muryarta ba. Wani ɓangare fushi ne, wani ɓangare kuma kunyar 'yar fari ce irin ta iyayenmu na da. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kama sunan Yaya Luba ba. "Waccan" take cewa, in ta ji daɗi ta ce "yayarku."

A daminar shekarar abu biyu suka haɗu. Inna ta zame a bakin rijiya a gidanmu na Nahuce ta karye a ƙugu, mai ɗori ya ce kada a kuskura a ɗaga ta daga shimfiɗa sai ta yi kwana arba'in. Sai kuma ga wasiƙa daga Jidda: za a yi wa Yaya Luba aiki a ciki, likitoci ba su ɓoye mata cewa aikin babba ne ba. Ta ce ba ta son a kwantar da ita sai ta ji da kunnenta Inna ta yafe mata. Ta ce za ta kira lambar Fidalis ranar Juma'a kaza, bayan an sauko daga masallaci. Da na karanta wa Inna, ta juya fuska bango ta ce, "Ɗiya ka zuwa wurin uwa. In tana da magana ta iske ni ɗakina." Yaya Bala ya ce to, ɗakin za ta zo.

Kwana goma ya yi yana abu ɗaya. Fidalis ya ba da wayar da bustar da ya sayo don kansa. Suka haɗa bututun ruwa uku suka kafa a bayan shago, suka ɗaure da wayoyi ta kusurwa huɗu, eriya a can ƙoli har sai ka riƙe hula kafin ka hango ta. Ni aikina gwaji. Nakan sa kan wayar a jaka in hau babur, duk inda muka yi alkawari in tsaya in danna. A bakin gari na ji shi raɗau. A Bungudu na ji shi kamar yana gefena. Ranar da na tsaya a kan jujin da ke ƙofar gidanmu a Nahuce na ji muryar Yaya Bala ta fito daga Gusau, sai da tsigar jikina ta tashi.

Ga yadda gwajin yake tafiya, kuma a nan muka tafka kuskuren. Yakan ce, "Salamu alaikum." In amsa. "An wuni lahiya?" In ce lafiya lau. "Ya gajiya?" Ba gajiya. "Ya mutan gida? Ya Inna da jiki?" Da sauƙi. Sai ya ce, "Madalla, madalla! Ka ji aiki!" ya kashe. Ni na ji ya ce madalla a daidai inda ake cewa madalla, sai na ɗauka ya ji ni. Shi kuwa abin da ke isa kunnensa shuuu ne kamar ruwa a kan kwano, da ɗan gunaguni can ƙasa. Amma wane Bahaushe ne ke buƙatar jin amsar "ya gajiya"? Tun yana goye ya haddace ta. Kunnensa ya ji shuuu, zuciyarsa ta cike masa gurbi, ga shi dama mutum ne da bai saba jiran amsa ba. Sau shida muka yi wannan gwaji, sau shida muna gaisawa lafiya lau ba tare da ya ji kalma ɗaya daga bakina ba.

Ranar Juma'ar ya rufe shago ya taho Nahuce da sabuwar shadda, don a yi abin a gabansa. Muna tsaye a ƙofar gida wayar ta yi ƙara. Ya danna, bai ko ce uffan ba, ya ruga da ita ɗakin Inna, wai uwa ce ya kamata ta fara. Ɗakin Inna na ƙasa ne mai kaurin bango, ga rufin kwano. Ɗan abin da ke isa Gusau daga kan juji, a nan ya ƙarasa mutuwa. Amma muryar Yaya Luba, da ƙarfin busta a bayanta, ta shigo tar, har mu da ke bakin ƙofa muna ji.

Ta yi sallama, ta yi gaisuwa. Inna ta riƙe wayar nesa da kunne kamar garwashi, ba ta tanka ba, mu ma ba mu yi mamaki ba. Yaya Luba ta yi ta magana kamar yadda ta saba yi wa kaset. Daga nan muryarta ta karye. "Inna, don Allah don Annabi ki yahe mini."

Inna ta daɗe tana kallon rufi. Sannan a hankali ta ce, "Na yahe miki."

"Inna? Ko tari ki yi in san kina nan."

"Na ce na yahe miki, duniya da lahira."

Muna jin numfashinta daga Jidda. Inna ta yunƙura a kan karyayyen ƙugu ta ɗaga murya irin yadda ban taɓa ji ba, ta sake faɗa. Sai muka ji Yaya Luba ta ce, "To, Inna. Na gane. Allah shi ba ki lahiya." Yaya Bala ya fizge wayar ya yi waje da gudu yana ihun "Luba! Luba!", ya haye juji da sabuwar shaddarsa. Kafin ya kai, layin ya yanke.

Na sha ganin Yaya Bala cikin ɓacin rai, amma ban taɓa ganinsa shiru ba sai ranar. Ya zauna a kan jujin nan, wayar a cinya, har aka kira la'asar. Inna kuwa, wadda ta ce ɗiya ke zuwa wurin uwa, ita ce ke roƙonmu mu nemo a-kori-kura mu shimfiɗa mata katifa mu kai ta Gusau. Aka kira mai ɗori, ya ce in ta bi hanyar nan da ramukanta, to a cire rai da ta sake takawa. Ni tsoro ne ya kama ni, tsoron a shiga da yayata ɗakin tiyata tana ganin uwarta ta ji kukanta ta yi banza da ita.

Da ya buɗe baki, abin da ya fara ce mini shi ne, "Ɗahiru, ranar da munka yi gwaji, mi kac ce da na tambaye ka Inna?" Na ce da sauƙi na ce. Ya ce, "Da ka ce ta tashi ta tahi kasuwa, da madalla zan ce." Sai ya yi mini bayani, wannan karon a taƙaice. Magana a waya hanya biyu ce, zuwa da dawowa. Shi ya ƙara wa Gusau murya, ya bar kan wayar da muryarsa ta jarirai, wadda aka yi don tsakar gida. Dogon eriyar shago ya ɗan taimaka wajen jiyo shi, shi ya sa dannawa ke isa, amma magana ba ta isa. Busta komai girmanta ba ta ƙara wa mai ita ji. In ana so a ji ƙauye, sai an ba ƙauye tasa bustar da tasa eriyar.

Saura a sanar da Yaya Luba, mu kuwa ba mu da lambarta, daga shagon waya take kira. Akwai wata Hajiya a Tsafe mai safarar kaya zuwa can, ita ke kawo mana kaset wani lokaci. Washegari da sassafe na hau babur na bi ta Gusau na wuce Kwatarkwashi na isa Tsafe, na same ta tana shanyar kuɓewa. Ta ba ni lambar wani tela maƙwabcin su Yaya Luba, a rubuce a bayan katin allurar rigakafi. Yaya Bala ya kira daga shagon Fidalis aka nemo ta. Ya rantse mata cewa na'ura ce ta yi laifi, Inna sau uku ta yafe. Ta ce, "Bala, tun kana yaro kai ka rufa ma Inna asiri. Na gode. Amma ni na ji shirun da kunnena." Da ƙyar ya shawo kanta ta yarda ta sake kira Juma'a mai zuwa. Ranar Asabar za a kwantar da ita.

Busta ta biyu babu ita a Gusau, kuma kafin a kawo daga kudu an yi mako biyu. Sai ya ce zai ƙera. Ya tono wata matacciyar oba-oba, irin rediyon da ake magana da juna ta cikinsa, wadda wani direban tirela ya manta a shagonsa shekaru, ya ciro taransistar ƙarfinta, wato ɗan abin da ke ɗaga muryar. Ya naɗa 'yan wayoyin tagulla a jikin biro, ya jera komai cikin gwangwanin madarar gari, ya liƙa taransistar a jikin wani guntun alminiyon na tsohuwar tukunya don ta sha zafi. Na tambaye shi me ya sa ba zai cire ta Gusau ya kawo ƙauye ba, sai ya harare ni ya ce wato in mayar da Inna kurma in ba ta baki. Ya kuma ja mini kunne da abu ɗaya: kada in kuskura in kunna gwangwanin ba a haɗa eriya ba, don ƙarfin da ya rasa hanyar fita kan taransistar yake komawa ya ƙone ta, kuma ita kaɗai gare mu. Kwana uku ina tafiya da wannan gargaɗi kamar mai ɗauke da ƙwai a aljihu.

Ranar Laraba muka haɗa gora biyu muka ɗaure a ƙolin tsamiyar gidanmu, muka juya eriya ta fuskanci Gusau. Aka jawo waya ta taga har gefen gadon Inna, aka ajiye batirin mota a ƙarƙashin gado, gwangwani a kan kujerar tsugunno. Rabin Nahuce sun taru suna kallo, wani tsoho yana tambaya ko abin zai hana tsamiyar 'ya'ya. Kafin Yaya Bala ya koma Gusau don gwaji ya ce mini, "Ban son gaisuwa. In ka gaishe ni sai na ɓata maka. Ka shiga ɗakin, ka rufe ƙofa, ka hwaɗi abin da ban san za ka hwaɗa ba."

Abin da wuya fiye da yadda ake zato. Wayar ta yi ƙara, na ɗauka, bakina ya buɗe da kansa zai ce an wuni lafiya, na danne. Na ce kabewa. Ya ce kabewa. Na ce jirgin ƙasa ya haihu. Ya maimaita, amma ya ce wannan shirme ne, yana iya cankar shirmena tun ina yaro. Na dubi Inna, na dubi gwangwani, sai kawai na ji na ce, "Yaya, rediyon Baba da aka yi maka dukan tsiya a kansa, ni na jefa shi cikin randa." Shiru ya biyo baya, har na ɗauka taransistar ta ƙone. Can sai ga murya daga Gusau: "Kai ne ashe, ɗan banza? Shekara ashirin da biyar!" Inna ta yi dariya har ƙugunta ya amsa. Gwajin da ya fi wannan ban taɓa gani ba.

Juma'a ta zo. Wannan karon Yaya Bala ya zauna a Gusau kusa da uwar wayar, ya ce ba ya motsawa ko shago zai kama da wuta. Ni ke ɗakin tare da matata. Aka sauko masallaci, aka ci tuwo, inuwa ta fara juyawa, waya shiru. Inna carbi kawai take ja, idonta a kan gwangwani. Sai gab da la'asar ta yi ƙara.

Yaya Luba ta yi sallama da muryar wadda ta riga ta haƙura. Inna ta amsa. "Wa ka magana?" in ji Yaya Luba. Shekara tara ba ta ji muryar ba, ga tsufa, ga ciwo, ga nisan duniya. "Ɗahiru, in matarka ce kas sa ta yi muryar Inna don ku kwantar min da hankali, ku ji tsoron Allah."

Na miƙa hannu zan karɓa in yi rantsuwa, Inna ta buge hannuna. Ta gyara riƙon wayar, ta manna ta a kunne sosai. Ta ja numfashi kamar mai shirin ɗaga kaya mai nauyi.

"Lubabatu," ta ce. "Ni ce. Ni na haihe ki ranar Talata, ana ruwa. Na yahe miki, Lubabatu."

Matata ta rufe baki da gyale ta fita. Abin da ya fito daga wayar ba magana ba ce, kuma ba zan iya rubuta shi ba. Fidalis ya gaya mini daga baya cewa Yaya Bala, da ke saurare a can, ya kifa kai a kan tebur cikin dalma da sukurori, ya yi kuka kamar yaro.

An yi wa Yaya Luba aikin lafiya. Inna ta tashi ta taka da sanda, ta ƙara shekara ɗaya da 'yan watanni. Sun yi magana da Yaya Luba sau da dama bayan nan, amma sunan bai sake fitowa ba, ta koma "waccan" abinta kamar ba a yi ba. Yaya Luba ba ta samu dawowa gida ba sai bayan an rufe Inna da shekara uku.

Shi kuwa Yaya Bala abin ya zame masa sana'a na ɗan lokaci. Ya kafa wa 'yan kasuwar hatsi a Wanke, ya kafa a Kekun Waje. Tsafe ce ta gagare shi. Ya ƙara ƙarfi, ya ƙara tsawo, dutsen Kwatarkwashi ya tsaya a tsakani ya ce ba a wucewa, har ya fara zancen hawa kan dutsen ya kafa wata tashar a can, matarsa ta ce in ya hau kada ya sauko mata. Ana cikin haka salula ta shigo, cikin shekara kaɗan bututun bayan shago ya zama wurin shanya. Na ɗauka zai ji haushi. Ina! Ranar da aka kafa ƙarfen sabis na farko a unguwarsu, wuni ya yi a gindinsa yana damun ma'aikatan da tambaya, wai ta yaya wannan ƙato ke jin 'yar wayar da ke aljihu. Amsar da suka ba shi ba ta gamsar da shi ba, ya ce su ma haddacewa suka yi.

Nakan so in san me zai ce da ya ga yau. Na tabbata abin kunnen jikata ba zai kwana ba sai ya buɗe shi. Na ji an ce irin waɗannan 'yan ƙananan abubuwa masu magana ta iska yanzu suna cikin mitar wuta, da agogon hannu, har da famfon ban-ruwa, kuma masu ilimin abin har yanzu in suna son su kai nesa, ƙaramar busta suke liƙa musu a waje, da wata kuma ta ɓangaren ji. Da ya ji wannan sai ya buga tebur ya ce ai shi ya riga su, da gwangwanin madara. A ƙauyukanmu kuma, inda sabis ke wasan ɓuya, na ga matasa sun koma kafa gora da eriya a kan rufi, wani ma a kan tsamiya. Saƙon murya da ake turawa ta waya yanzu, ni dai kaset nake gani ya dawo da sabuwar riga: ka yi maganarka kai kaɗai, ka tura, ka zauna kana zato. Ban sani ba ko zai yaba ko zai yi tsaki. Na fi zaton zai tambayi nawa ne nisan da yake kaiwa.

Abin da ya bari na dukiya bai taka kara ya karya ba. Shagon yanzu na masu cajin waya ne. Ni abin da ya bar mini wata 'yar ɗabi'a ce da 'ya'yana ke yi mini dariya a kanta. In na kira ɗayansu muka gama an wuni lafiya da ya aiki, ba na kashewa. Sai na ce ya gaya mini wani abu da ban san zai faɗa ba. Yawanci shirme nake samu, me aka ci, wa ya sayi akuya. Amma ta wannan hanya na taɓa jin cewa ɗana ya rasa aikinsa wata biyu yana ce mini lafiya lau.

Ranar sadakar ukun Yaya Bala, ana raba 'yan komatsansa, Yaya Luba ta aiko daga cikin gida a tambaye ni ko gwangwanin nan yana nan. Muka tono shi a ƙasan wani kwali, ya yi tsatsa, gizo-gizo ya yi gida a jikin taransistar. Na kai mata ina cewa ai ba ya aiki, ko batir aka sa masa babu wayar da zai yi magana da ita a duniyar yanzu. Ta karɓa da hannu biyu ta goge shi da bakin zanenta.

"Na sani," ta ce. "Sau guda uwata ta kira sunana tun da ta haihe ni, kuma ta cikin wanga gwangwani ya biyo."

Yana nan a ɗakinta a Bungudu, a cikin kabad, tsakanin kwanonin tangaran da ba a ci da su. Allah Ya ji ƙan Inna, Ya ji ƙan Yaya Bala, Ya sa yadda ya wahala don a ji wata, shi ma a ji shi ranar da kowa ke neman a saurare shi.